Birki a Ƙasar Fadama: Daga Wejin Karen Mota Zuwa Kalifa

A ƙarshen damina, sa'ad da ruwa ya fara sakin hanyoyin Auyo da Guri da Kirikasamma, akwai wata cuta da kanikawan Haɗeja kan gane tun direba bai buɗe baki ba. Motar za ta shigo gareji tana jan gefe guda kamar jakin da aka yi wa mangala ba daidai ba, ƙafarta ɗaya ta gaba tana tashin ƙauri. Maigidan gareji ba zai ce komai ba tukuna. Zai kara bayan hannunsa kusa da wili ya ji hucin da ke fitowa, sannan ya ɗauki butar alwala ya ɗiga ruwa kaɗan. In ruwan ya yi cuu ya tashi tururi, an gama bincike. "Alhaji, kalifarka ce ta riƙe," in ji shi, sai ya waiwayi yaransa: "Kai, kawo jak da weji."

Kalifa a bakin bakanike ba ta haɗa komai da halifan shehi ba, ko da yake masu barkwanci a gareji ba sa barin maganar ta wuce salin-alin. Dunƙulen ƙarfe ce da ke zaune a bayan wili, ta yi wa faifan birki hawan doki, faifan nan da kanikawa ke kira dis. A cikinta akwai fistin mai kama da ƙaramin kofin shayi. In direba ya taka birki, man birki ya tunkuɗo fistin, sai fad biyu, wato fatun birki, su matse faifan ta ciki da ta waje, yadda awartaki ke cafke jan ƙarfe a maƙera. Iyakar aikinta ke nan. Amma wannan ɗan abu ya sauya sana'ar kanikanci fiye da yadda ake zato, kuma a ƙasar Haɗeja yana da labarinsa na daban.

Direban da ya saba da Hawan Kibo ya san birki a wurinsa zafi ke kashe shi, saboda doguwar gangara. Haɗeja kuwa ba ta da dutse, ba ta da gangara, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faranti. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka birki hutu yake yi a nan. Ina! Maƙiyansa biyu ne, kuma sun raba shekara a tsakaninsu. Da rani rairayin jigawa, wanda Jihar Jigawa ma daga gare shi ta samo suna, ya riƙa shiga kowace kafa yana cin ƙarfe kamar magagari. Da damina ruwan fadama da taɓonta su karɓa. Birki a Haɗeja tsatsa ke ci a ɓoye, ba tare da ya yi ƙara ba.

Tun kafin zuwan mota, tsayar da abin hawa aikin maƙeri ne. Dawakin da Sarkin Haɗeja Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye da su a tsakiyar ƙarni na 19, da waɗanda suka tari rundunar Turawa a Afrilun 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada, duk da linzami ake tsayar da su, linzami kuwa daga wuta da uwar maƙera yake fitowa. Maƙerin kirki kan dubi bakin doki kafin ya ƙera masa ƙarfe, ya shafa abin da ya ƙera da yatsa ya ji ko akwai kaifin da zai yi rauni. Wannan shafawar ta yatsa a riƙe ta, za a sake haɗuwa da ita a gaba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka miƙa reshensa zuwa Nguru a 1930. Sai dai dogon bai shigo birnin Haɗeja ba, ya bi ta arewa, ta Malam Madori da Birniwa. Wannan kaucewar ita ta haifi harkar mota a yankin. Masu sayen gyaɗa suka kafa sikeli a bakin tasha, Malam Madori ta bunƙasa har aka riƙa tara dalar gyaɗa a cikinta, duk buhun da aka noma a ƙauyukan masarauta kuma dole a kai shi tasha. Da fari jakuna da raƙuma da takarkarai ne suka ɗauki nauyin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motocin bodin katako suka yawaita a Arewa, irin su Bedford da Austin, daga baya Marsandi mai lamba 911 ta zo ta zama sarauniyar hanya. In sifirin ya karye a daji ko ƙusa ta tsinke, ba wani kanti da za a nufa, sai rumfar maƙeri mafi kusa.

Birkin waɗancan motoci duram ne, wato wani kwanon ƙarfe da ke juyawa tare da ƙafar mota, a cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa da ke buɗewa su goge shi ta ciki. Yana da ƙarfi, yana da haƙuri, amma yana da babban aibi a ƙasar ruwa: kwano ne, kwano kuwa riƙe ruwa yake yi. Direban da ya keto mashigi ya fito zai taka ya ji babu kowa a gida. Tsofaffin direbobi sun san maganin abin, su ɗora ƙafa kan birki kaɗan suna tafiya a hankali har zafi ya busar da shi. Sauran tsaron kuma yana hannun karen mota, wanda ke maƙale a baya da guntun katako mai kusurwa uku. Da mota ta tsaya, ko ta fara silalewa a bakin kwalbati, sai ya diro ya cusa weji ƙarƙashin taya. Yaron da ya yi nawa wajen sa weji ba ya daɗewa a bayan mota, wanda ya iya kuwa daga nan yake fara hango sitiyari.

A zamanin duram ba a jefar da komai. In fatar takalmin birki ta cinye, akwai mai sana'a ta musamman, mai lainin, wanda zai fitar da tsofaffin ƙusoshi, ya yanko sabuwar fata daidai, ya huda, ya dasa ta da ƙusoshin tagulla ko na alminiyam. Aikin ya fi kusa da na baduku fiye da na injiniya, kuma asalinsa ma haka yake. A watan Agusta na 1888, lokacin da Bertha Benz ta ɗauki motar da mijinta ya ƙera ta yi tafiya daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, katakon birkinta ya cinye a hanya, sai ta tsaya wajen mai gyaran takalma ya buga mata fatar dabba a kai. Dukawan Haɗeja da sun ji labarin da ba su yi mamaki ba. Daga baya masana'antu suka koma yin lainin da wani ma'adini mai jure zafi da ake kira asbestos, aka yi shekara da shekaru kanikawa na hure ƙurarsa da baki daga cikin duram, kafin duniya ta tabbatar cewa ƙurar tana lalata huhu, har takan jawo ciwon daji. Har yau akwai yaran gareji da ke hure ƙurar birki da baki, ba wanda ya hana su.

Kanikawan farko a garuruwan Arewa akasarinsu 'yan Kudu ne da suka koyi aiki a garejin hukumar ayyuka, ko na reluwe, ko na kamfanonin Turawa masu sayar da motoci. Rikicin 1966 da Yaƙin Basasa da ya biyo baya sun sa da yawa daga cikinsu suka koma gida, yaran da suke miƙa musu sifana suka wayi gari su ne masu gareji. Shi ya sa harshen gareji ya fito a gauraye. Ana ce wa maigida oga, ana kiran kayan aiki da Turancin da bakin Bahaushe ya tanƙwara: sifana, filaya, sukundireba, giris, boris. Tsarin koyon kuwa na gida ne tsaf, irin na maƙera da majema. Uba ya kawo ɗansa ya danƙa amana, yaro ya shekara yana wanke noti da zuwa sayen abinci kafin a yarda ya kwance ƙafar mota shi kaɗai.

Shi birkin faifai tsohon tunani ne da ya daɗe yana jiran lokacinsa. Wani Bature mai suna Frederick Lanchester ya yi masa rajista a Birmingham ta Ingila tun 1902, amma da jan ƙarfe yake matse faifan, sai ƙara ta hana kunne sakat, ƙurar titunan wancan zamani kuma ta riƙa cinye shi da wuri. Aka ajiye shi kusan shekara hamsin. A 1953 motar Jaguar mai birkin kamfanin Dunlop ta ci tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa, saboda direbobinta na iya jinkirta taka birki har bakin kwana alhali abokan hamayya sun daɗe da rage gudu. A 1955 Citroën DS ta fito da shi a ƙafafun gaba a motar da kowa zai iya saya. Dalilin nasararsa ba boyayye ba ne. Faifan a fili yake, iska na sanyaya shi, in ya jiƙe kuma juyi kaɗan ya watsar da ruwan.

Motar da ta kawo shi kowane lungu na ƙasar Hausa ita ce Peugeot, wadda kowa ke kira Fijo. Ƙirar 404 ta fara fitowa a 1960 da duram a ƙafa huɗu, amma 504 da ta biyo ta a 1968 ta zo da faifai: salun ɗinta ƙafa huɗu, wagon da akori-kura kuwa gaba faifai, baya duram. Abubuwa suka haɗu mata a Nijeriya. A 1972 ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama, abin da ya dace da motocin Faransa. A 1975 kamfanin haɗa Fijo na Kaduna ya fara aiki, a daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Haɗeja tana ƙarƙashin Jihar Kano a lokacin, kuma 504 wagon ta zama motar hanyar Kano ta Gujungu. Bakaniken da ya ƙware da saita duram da sukundireba ta ɗan rami sai ga shi gaban abin da ba shi da wurin saiti, ba shi da sifirin, ba ya karɓar guduma. Dole ya koma ɗalibi.

Sai 1986 ta zo da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, ƙasa ta koma kan tokumbo, wato tsofaffin motocin waje, masu shigowa ta Legas da Kwatano, wasu su zagayo ta Nijar. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991, Fijo ta fara tsufa, cikin shekarun da suka biyo baya kuma Golf da Sharon da bas-bas na Toyota suka karɓe tasha. Tare da su aka samu sabuwar kalma, Beljiyam, wato kayan gyara na hannu da aka kwanto daga motocin da Turai ta gama da su. Bakaniken Haɗeja kan aika Ƙofar Ruwa a Kano da safe, kaya su iso shi a motar haya kafin magariba. Abin da ba kowane mai saye ke tunawa ba shi ne, a ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Kalifar Beljiyam ta sha ruwan gishiri shekara da shekaru kafin ta zo ta ɗanɗani na kogin Haɗeja.

A koma ga motar Alhaji da aka bari a kan jak. An sassauta notunan wili tun tana ƙasa, an ɗaga, an tokare ta da kututture, don bakaniken da ya san ciwon kansa ba ya ba wa jak kaɗai amanar ƙafarsa. Kafin a kwance komai, oga zai ɗan buɗe ƙaramin notin fitar da iska da ke saman kalifar. In mai ya yi tsartuwa ƙafar ta saki nan take, to ba laifin kalifa ba ne, tiyon birki ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya tafi ya hana shi dawowa. Mutane da yawa sun sayi kalifa a banza saboda an tsallake wannan gwajin na minti ɗaya. In kuwa ƙafar ta ci gaba da riƙewa, sai a kwance ƙusoshi biyu na baya, a zare kalifar daga kan faifai, a rataye ta da waya. Yaron da ya bar ta tana lilo a jikin tiyo zai sha ranƙwashi, kuma ya cancanta.

Daga nan sai karatu. Oga zai jera fad biyun a tafin hannu kamar mai duba allo. In sun ci daidai da juna, lafiya. In na ciki ya ƙare ƙat na waje yana da sauran nama, ko dai fistin ba ya komawa, ko kalifar ta daina zamewa. In fad ya ci a karkace, gefe guda siriri gefe guda kauri, to ɗaya daga cikin sandunan nan biyu da kalifar ke zamewa a kansu, waɗanda ake kira fin, ya maƙale. Sabon fad kan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, in ya sauko kusa da 3 ya gama aikinsa. Shi ma faifan akwai mafi ƙarancin kaurin da masana'anta ta buga a gefensa, ga wanda zai goge tsatsa ya karanta. A nan ƙasar, fin lafiyayye ya kamata ya fito da jan yatsa biyu. Wanda ya sha damina kan fito ne da filaya da addu'a, ja wur da tsatsa, giris ɗinsa ya zama busasshen taɓo.

Fitar da fistin shi ne wurin haɗari. Wasu kan bar tiyo a haɗe su sa yaro ya riƙa taka birki a hankali har mai ya tunkuɗo shi. Wasu kan kai wa falkanaiza ya hura masa iska, su sa guntun katako a gaba ya tare, domin fistin da ya daɗe a maƙale in ya tashi fita kamar harsashi yake zuwa, ya sha murƙushe yatsun masu gaggawa. Da ya fito sai a goge shi a ɗaga shi a rana. Oga ba ya yarda da ido kaɗai. Zai bi jikinsa da farce, a hankali, zagaye bayan zagaye, irin shafar da kakansa maƙeri ke yi wa linzami. Dattin da ya kwanta a sama zai fita da tsumma da man birki. Amma in farce ya faɗa rami, komai ƙanƙantarsa, tsatsa ta huda rufin da aka yi wa ƙarfen, kuma wannan ramin zai yanki sabuwar roba ko ya bar mai ya tsiyaye. A nan ake gane mai tsoron Allah. Wani zai ce, "Alhaji, sai dai a sake fistin." Wani kuwa zai ɗauko samfefa ya goge shi ya yi ƙyalli, ya mayar, alhali ya kankare sauran rufin da ke kare shi, damina mai zuwa tsatsar ta dawo da 'yan'uwanta.

A cikin ramin da fistin ya fito akwai wata 'yar roba mai kusurwa huɗu kwance a cikin tsagi, kuma ita ce sirrin abin gaba ɗaya. Kalifa ba ta da sifirin da zai janye fistin baya. In an taka birki robar kan ɗan lanƙwashe ta bi fistin, in an saki ta miƙe ta jawo shi baya da abin da bai kai kaurin farce ba. Wannan ɗan motsin shi ne tsakanin ƙafar da ke juyawa sakayau da wadda ke ƙauri. Da tsinke ake ciro ta, ba da bakin sukundireba ba, don kada a karce tsagin. Daga waje kuma akwai roba ta biyu mai ninki-ninki, wadda aikinta kawai ta hana ƙura da ruwa shiga. Kusan duk kalifar da ta riƙe a ƙasar Haɗeja, in aka bi diddigi, daga nan ɓarnar ta faro: rana da rairayi suka tsattsaga robar da rani, ruwa ya samu ƙofa da damina.

Wanki ma da ƙa'idarsa. Robar birki ba ta shiri da duk abin da ya fito daga ɗanyen mai. Fetur, kalanzir, baƙin mai, baƙin giris, duk kumbura ta suke yi ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana. Amma a gareji nawa ne ba a wanke komai a cikin kwanon fetur guda? Da man birki ake wanke ta, da shi ake shafa wa fistin kafin a tura shi da yatsu, a miƙe, ba duka. Fin kuma yana da nasa giris ɗin da ba ya cin roba. Kalifar baya ta motoci irin su Sharon tana da wata hila, fistin ɗinta murɗa shi ake yi yana shiga saboda birkin hannu da ke cikinta, wanda ya matse shi da ƙarfi ya kashe ta. In an tashi mayarwa kuma a lura da hagu da dama, domin notin fitar da iska dole ya kasance a sama, iska ai sama take taruwa.

Sai kiran da duk wanda ya taɓa zama a gareji ya sani. Yaro na kan kujerar direba, oga na tsugune da sifana.

"Taka!"

"Na taka, oga."

"Ƙara. Riƙe!"

"Na riƙe."

Oga ya buɗe noti, mai ya fito da kumfa, feda ta nutse, ya rufe. "Saki!" Haka za a yi ta yi har kumfa ta ƙare, ana leƙa ɗan tankin sama kada ya ƙafe. Dalilin duk wannan wahala shi ne ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Ƙwayar iska ɗaya a layi ta isa ta mai da feda kamar soso.

Man birki kansa yana da halin da ya sa fadama ta zame masa masifa: yana zuƙar danshi. Ƙa'idar mai lamba DOT 3 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 yana sabo, amma in ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, sai ya sauko wajen 140. Na DOT 4 daga 230 yake saukowa 155. In ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa iska ne, feda ta tafi ƙasa. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a zubar da shi duk shekara biyu, abin da direban haya zai ji ya yi dariya, don shi a saninsa man birki ƙari ake yi, ba canji ba. Akwai ma dabarar nan ta hanya da ta zama ɗabi'a a wurin wasu, a kaɗa ruwan Omo a zuba a madadin mai. Zai kai mota gari, gaskiya ne, amma a digiri 100 yake tafasa, kuma duk inda ya kwana sai ya bar tsatsa. Ƙanwarta ita ce toshe layin ƙafar da ke yoyo da ƙusa, a ci gaba da lodin fasinja da birkin ƙafa uku.

Ruwan kuma ba raguwa yake yi ba. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa a 1992 sun sauya halin kogin, ya koma gudana rani da damina, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya ta riƙa fantsama inda da ba ta zuwa. A 2020 da 2022 mutanen Haɗeja sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga don kare gari, hanyoyi da dama na masarautar suka yanke. Motar da ke ɗauko shinkafa da tattasai da kifi daga ƙauyukan fadama ba ta da zaɓi, sai ta shiga ruwa, wani lokaci da faifai mai zafi. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 da jami'an duba lafiyar motoci suna iya tsayar da direba su ga takarda, su sa ya taka birki su ga fitila ta kama. Ba wanda zai ga tsagaggiyar roba a bayan wili daga bakin titi.

Abin da ke faruwa a sana'ar yanzu shi ne buɗe kalifa na neman zama aikin tsofaffi. Direba na sauri, lodinsa na jira a tasha, tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma kowace sa'a kuɗi ce. Yaro ya ga ya fi sauƙi ya kwance tsohuwa ya ɗaura ta Beljiyam cikin rabin sa'a, ya karɓi kuɗin aiki, wataƙila da ɗan alheri daga mai shago. Ba laifi ba ne a canja abin da ya mutu, kalifar da tsaginta ya ruɓe ko jikinta ya tsage ba ta da magani sai canji. Laifin shi ne ɗaura wadda ba a buɗe ba, a kan zaton duk abin da ya fito daga Turai lafiyayye ne. Mai lainin na da, da duk ƙarancin kayan aikinsa, ya san cikin abin da ya ɗaura wa mota. Wanda ya iya canji kaɗai bai san ko ya cire mara lafiya ya sa mai jinya ba, kuma yaran da ke koyo a hannunsa ba za su taɓa ganin yadda ake bin fistin da farce ba.

Saboda haka duk direban da motarsa ta keta ruwa da damina har ya kai rabin taya, kada ya jira sai ta fara ja gefe ko ta yi ƙauri. Ya ware rabin yini ya kai ta wajen wanda ya iya, a buɗe ƙafafun gaba duka biyu, ya tsaya a kai ya ga robar ƙura da fin da idonsa, a zubar da tsohon mai a zuba sabo daga gwangwanin da aka fasa a gabansa. In an sauke ta daga jak kuma ya taka feda sau uku ko huɗu har ta yi tauri kafin ya sa giya.